Malama Hatsue da Taliyar Gonda

A unguwar Yanagi babu mai kiran Hatsue Kuramochi da sunanta. Malama ake ce mata, daga mai shagon magani har direban bas, domin kusan duk wanda bai kai shekara hamsin ba a unguwar ya taɓa zagaye filin makarantar sakandare a guje, tana tsaye a bakin layi da usur a baki. Shekara talatin da shida ta yi tana koyar da motsa jiki. Yanzu shekarunta sittin da takwas, gajera ce marar jiki, gashinta ya yi fari fat ta rage shi, amma har yau in ta nufi kasuwa sai ka rantse jirgi ne zai tafi ya bar ta.

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida na wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. A gidansu ba a cewa za a ci abinci da magariba, sai dai a ce bayan jirgin shida da kwata. Ita ake ba abincin ranar mahaifin ta kai masa tasha, kuma saboda ba ya son shinkafa ta huce, da gudu take zuwa. A nan ƙafarta ta buɗe. Tana da shekara sha bakwai ta shiga tseren jiha, ta zo ta huɗu, mutum uku kuma ake ɗauka. Ta yi kukanta na wuni guda a bayan gida, washegari ta ce wa mahaifiyarta koyarwa za ta yi.

Mijinta Shozo mai ɗinkin tabarmar ɗaki ne, kuma duk garin babu wanda ya kai shi nawa. A makaranta suka haɗu. An kira shi ya sake tabarmin ɗakin kokawa, ya ce aikin kwana uku ne, ya yi sha ɗaya. Kullum sai ta je ta tsaya a kansa tana faɗa, shi kuma yana jan zarensa yana cewa, "To, Malama." Ranar da ya gama ya tambaye ta ko tana shan shayi. Shekara biyu suka yi suna shan shayin nan kafin ya faɗi abin da ke bakinsa. Tun da aka haifi 'yarsu ɗaya, wadda ke aure a wani gari, shi Mama yake ce mata, ita kuma Baba.

Ritaya ba ta karɓe ta ba. Ta cire ciyawar lambu har ta rasa abin cirewa, ta shiga ajin ɗinki aka roƙe ta ta daina ƙirga wa mutane. Shi ya sa ranar da rigimar gidan kaza ta taso, can cikin zuciyarta ba ta ji haushi ba.

Tsohon gidan wankan unguwa ne aka rushe, fili ya fito a bakin siririn titin da yaran firamare ke bi. Wani kamfani mai tambarin jan zakara, mai sayar da soyayyiyar kaza da dankali da burodi mai nama a tsakiya, ya nemi ya gina reshe a wurin, har da tagar da ake miƙa wa mutum abinci yana zaune cikin motarsa. Kafin mako ya zagayo unguwa ta rabu biyu. Shugaban ƙungiyar unguwa, Tobita mai shagon magani, ya kira taro ranar Lahadi da azahar.

Takalma sun cika bakin ƙofa har sun sauka kan matakala. Tobita ya gyara tabarau ya karanta takardar ofishin tsara gari. Abin da ta ce shi ne, mutanen unguwa na iya rubuta ƙa'idar irin shagunan da suka yarda a gina a titinsu, in mafi yawan masu gidaje suka sa hannu ofis zai duba. Amma ba a ambaton sunan kamfani a ƙa'ida. Sai dai a siffanta irin shagon.

Bai ajiye takardar ba Gonda ya miƙe. Gonda shi ne mai taliyar bakin tasha, shekara arba'in da ɗaya yana zuba taliya cikin romon kifi ga mutanen da ke ci a tsaye su ruga jirgi. Wuyansa da tawul, muryarsa kamar yana kiran wani a tsallaken kogi.

"Siffantawar me? A rubuta ba ma son abincin gaggawa, shi ke nan. Abincin da aka dafa a wata ƙasa aka ɗumama a nan. Yaro ya ci ya kumbura kamar balan-balan."

Aka yi masa tafi daga ɓangaren tsofaffi. Sai Minori ta ɗaga hannu. Tsohuwar ɗalibar Malama ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, 'ya'yanta biyu, ƙaramin yana barci a cinyarta.

"Gonda-san," ta ce, ta ƙara masa "san" na girmamawa, "ranar Lahadi kana ina?"

"Ina gida, ina hutawa kamar kowa."

"To mu ranar muke da sarari. Kai a rufe, mai gasasshen kifi in yaro ya yi motsi sai ya harare mu. Kuma shagonka ko kujera ɗaya babu. Ɗan shekara uku zai ci taliya a tsaye?"

"Ke a kwance kika ci kika girma?"

Dariya ta tashi daga ɓangarori biyun. Tobita, wanda ba ya son hayaniya ko ta kuɗin cizo, ya yi ta buga fensir a tebur. Can dabara ta faɗo masa. Ya ce tunda sunan abin abincin gaggawa, a siffanta shi da gaggawarsa: duk shagon da ke miƙa wa mutum abinci cikin ƙasa da minti biyar, ba a yarda da shi a titin ba, kuma ko tsohon shago ne in ya tashi sake gini sai ya bi ƙa'ida. Gonda ya ce madalla, haka ake son shugaba.

"Wa ya auna?" in ji Minori. "Kun tabbata na kamfanin bai kai minti biyar ba?"

Babu wanda ya auna. Sai kawuna suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa kusurwar da Malama ke zaune da ɗan littafinta.

"Agogonki na tsere yana nan, Malama?" Tobita ya tambaya.

"Yana nan. Amma in zan auna, kowa zan auna. Ban taɓa auna rabin aji ba."

"Auna, Malama," in ji Gonda. "Mai gaskiya me zai ji tsoro."

Ranar Litinin ta tasa Shozo gaba suka hau bas zuwa reshen kamfanin da ke babban titi a bayan gari. Ta rataya agogon a wuya, ta danna daidai lokacin da ta rufe baki daga faɗin abin da take so, ta sake dannawa da faranti ya taɓa hannunta. Minti huɗu da sakan goma. Ba ta yarda da awo ɗaya ba, don haka sau uku ta bi layi, farantai uku suka taru a gaban Shozo.

"Mama, wa zai cinye wannan?"

"Kai. Don me na kawo ka?"

Ya ɗauki cinyar kaza ya juya ta, ya duba ta ta kowane gefe kamar zai saya, sannan ya gatsa. Ya daɗe yana taunawa.

"Yaya?" ta ce.

"Bari tukuna."

Awa guda da rabi ya yi a kan farantan nan. Ita kuwa ba abin da ta tsana kamar jira, sai ta zauna bakin taga tana kallon waje, tana rubuta abin da ba a aike ta ba. Motocin da ke jiran taga sun yi layi sun fito daga harabar, sun tare hanyar masu ƙafa. Ta ƙirga bakwai, wani lokaci tara. Ta ga wata mata da keken jariri ta sauka kan kwalta ta zagaye su. Da ta juyo ciki kuma ta ga iyaye mata huɗu sun haɗa tebur suna hira, yara suna ta ɓarin dankali babu mai ɗaga kai, da wani tsoho shi kaɗai da kofi guda tun shigowarsu, ba wanda ya ce masa ya tashi. Wannan ma ta rubuta.

"Ba laifi," in ji Shozo daga ƙarshe, yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Talata ta bi shagunan unguwa. Matar mahauci, mai ƙosan dankali, sakan sha tara. Mai curin shinkafa sakan sha ɗaya, kuma uku daga ciki gaisuwa ce. Mai gasasshen kifi minti talatin da takwas, har Malama ta leƙa ta tambaya ko kogi ya tafi kamowa. Kafin la'asar labari ya gama titi, kuma kowa ya gane inda abin ya dosa. Matar mahauci ta biyo ta har bakin gada da ƙosai biyu a takarda.

"Malama, ai ranar hannuna ne ya yi sauri. Ba haka nake yi kullum ba."

"Na gode da ƙosai. Sha tara."

Gonda kuwa ta bar shi sai Laraba da safe, ƙarfe bakwai da arba'in, lokacin da shagon ke cika maƙil. Ta ɗaga labulen ƙofa ta matsa tsakanin wasu maza biyu masu kwat. Yana ganin agogon a wuyanta ya sha mur. Ya riga ya ji komai, ya kuma kwana da shirinsa.

"Taliya da soyayyen ganye," ta ce, ta danna.

Gonda ya ɗauki tsumma ya fara goge kanta inda babu datti. "Malama, yaya bayan maigida? Na ji an ce yana ciwo."

"Ya warke tun bara."

"Ashe. To 'yarku fa? Yaran sun girma ko?" Ya waiga hagu ya waiga dama. "Ina na sa ludayin nan?"

"Yana hannunka, Baba," in ji wani mai kwat. "Don girman Allah, jirgin bakwai da hamsin da biyu zan bi."

Abin da Gonda bai lissafa ba shi ne hannuwansa. Bakinsa na neman hirar da zai ja, hannun hagu ya riga ya jefa taliya cikin kwandon ruwan zafi, ya girgiza, ya juye a kwano. Na dama ya kwarara romo, ya ɗora ganye, ya watsa albasa. Kafin ya gama tambayar lafiyar jikokinta, kwano na gabanta yana tururi. Ya tsaya yana kallonsa kamar wani ne ya ajiye.

"Sakan arba'in da takwas," in ji Malama.

Fuskar Gonda ta canja. "Nawa?"

"Arba'in da takwas."

"Agogonki ya tsufa, Malama. Ni? Tun ina ɗan talatin ban wuce sakan arba'in ba. Ke kika ja ni da surutu."

"Ni na ja ka?"

"Sake. Kai, mai jirgi, faɗi abin da za ka ci."

Mutumin ya faɗa, ta danna. Gonda ya ɗaure tawul a goshi, hannuwa suka yi ta walƙiya, kwano ya dira a kanta ko ɗigo bai zuba ba.

"Talatin da shida."

Shago ya ɗauki tafi, har da masu tsinken cin abinci a hannu. Gonda ya buɗe ƙirji yana duban kowa. Sai a hankali murmushin ya fara sauka, ya tuna dalilin awon. Malama ta buɗe littafi ta lashi bakin fensir.

"Wanne zan rubuta?"

Ya dubi tukunya, ya dubi rufi. Jirgin bakwai da hamsin da biyu ya shigo ya kwashe rabin shagon. Can ya ce, a hankali, "Rubuta talatin da shida."

Ta tsaya ta cinye taliyarta, abin da ba ta saba ba. Da wurin ya yi sauƙi ya zubo mata shayi ya jingina da kanta. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗansu yana aikin ofis a Tokyo, ya riga ya faɗa masa ba zai gaji tukunya ba.

"Na safe ba su dame ni ba," ya ce. "Su jirgi ke kawo min su. 'Yan makarantar yamma nake ji. Su ke tsayawa su ba ni labari, wa ya ci ƙwallo, wa aka kora daga aji. In aka buɗe wancan wurin mai kujeru da sanyi, wa zai zo ya tsaya wajen tsoho?"

"To me ya sa ba ka faɗi haka a taro ba?"

"A gaban mata? Haba Malama."

Taro na biyu ya fi na farko cika, har da wakilin kamfanin, wani mai sanƙo da ake kira Akutsu, wanda ya rusuna wa kowa har da fankar da ke bakin ƙofa. Ya zo da akwatunan kaza, aka ce masa ba a karɓar toshiyar baki, aka ajiye su a gefe. Malama ta miƙe ta karanta awonta kamar sakamakon tsere, daga na ƙarshe zuwa na ɗaya. A cikin shaguna tara na titin, biyu kawai suka tsallake ƙa'idar Tobita: mai gasasshen kifi, da wani mai shayi da ke yawan manta an yi oda. Gidan jan zakara, da minti huɗunsa, shi ne na bakwai a sauri.

Dariyar da aka yi sai da ƙaramin ɗan Minori ya farka. Akutsu bai san ko ya yi murna ko ya ji kunya ba.

"Na bakwai?" ya ce. "Za mu duba wannan a ofis."

Tobita ya share gumi ya ce to a sake siffa. A ce abincin da ake naɗewa a takarda. Matar mahauci ta ce bismillah, sai a zo a rufe ta yau. A ce abin da aka soya a mai. Gonda ya yi tari, domin ganyen da ke kan taliyarsa ba a ruwa ake soya shi ba. A ce abincin da ake ci da hannu. Mai curin shinkafa ya tambaya ko da ƙafa ake cin nasa. Wani tsoho daga baya ya ce a rubuta abincin da bai san shi ba yana yaro, aka ce masa ai har ayaba ta shiga. Ana wannan wani ya buɗe akwatin kaza don ya nuna wa jama'a yawan man da ke ciki, akwatin ya zagaya, bai dawo da komai ba.

Malama ta bari sai da suka gaji. Ta san wannan daga aji: ba a yi wa yara magana suna da sauran numfashi.

"Ni dai ban ga abin da za ku rubuta a kan abinci ba wanda ba zai kama ɗayanku ba," ta ce. "Amma na ga wani abu a can. Ba zan faɗa ba, nunawa zan yi. Gobe ƙarfe uku saura kwata ina son mota bakwai a filin gidan wanka. Shugaba, taka ɗaya. Motar mahauci biyu. Akutsu-san, kai ma ka zo da taka."

"Me za a yi, Malama?"

"Ku dai zo. Wanda ya makara ya san ni."

Babu wanda ya makara. Ta riga ta je ta yi magana da shugabar firamare da ɗan sandan kwanar titi, wanda shi ma ta koyar da shi. Ta zana da alli inda tagar za ta kasance bisa taswirar kamfanin, ta jera motocin ɗaya bayan ɗaya. Uku suka shiga fili. Huɗu suka miƙe a waje, suka haye hanyar masu ƙafa, ta ƙarshe ta kusa toshe ƙofar mai wanki. Ɗan sanda ya tare titin daga sama, ita ta tsaya daga ƙasa da usur.

Ƙarfe uku aka tashi yara. Suka gangaro da jakunkuna a baya da hulunansu masu ruwan ɗorawa, suka iso motar farko suka yi cirko-cirko. Sannan na gaba ya sauka kan kwalta, sauran suka bi shi, layi guda, kawunansu ko gilashin motocin ba su kai ba. Daga kujerar direba Tobita ya ce shi bai ga kowa ba sai da wata hula ta gifta. Babban ɗan Minori yana cikinsu, yana tafe yana kallon wani ƙwaro a tafin hannunsa, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Da yaran suka wuce Minori ta juya wajen Akutsu.

"Ina son shagonku. Ban canja ba. Amma ban da tagar nan."

Akutsu ya fito daga motarsa yana shafa sanƙo. "Tagar ita ce rabin cinikin, 'yar uwa. Ni ɗan aike ne. Zan kai abin da na gani." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma 'ya'yana biyu ne, a firamare."

A tsaye a filin aka rubuta ƙa'idar, a kan bayan motar mahauci. Layi uku ce: babu tagar masu mota a titin makaranta, kowane shagon abinci ya rufe ƙarfe tara, kowa ya share gabansa har tsallaken titi. Ba a ambaci kaza ba, ba a ambaci minti ba. Gonda ya karanta sau biyu, ya yi gunaguni cewa wannan ai buɗe ƙofa ne, sannan ya karɓi biro ya zama na farkon sa hannu, wai don kada a ce wani ya riga shi.

Tattara sauran hannuwan ya ci wata biyu, kuma Malama ce ta bi gida gida. Wata tsohuwa ta ce ba za ta sa ba sai an ƙara layi a kan karen maƙwabcinta. Wani ya ɓoye a banɗaki, ta zauna a matakalarsa har ya fito. Ofishin tsara gari ya karɓa, ya riƙe, ya dawo da ita a gyara kalma biyu, ya amince.

Daga kamfani kuwa shiru. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo, ciyawa ta bushe a filin. Mutane suka fara cewa jan zakara ya tashi ya sauka wani gari. Tsofaffi suna tare Malama a hanya suna yi mata godiyar abin da ba shi ta nufa ba. Minori kuwa in sun haɗu sai ta rusuna ta gaishe ta da ladabi ta wuce, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Wannan ya tsaya wa Malama a rai fiye da yadda ta nuna. Wata safiya ta ajiye kwanon shinkafarta ba ta taɓa ba.

"Baba, ko na yi wa yarinyar nan ɓarna?"

Shozo ya hura shayinsa. "Me kika ce musu wanda ba ki gani ba?"

"Babu."

"To ci abincinki."

Ba ta iya zama haka ba. Ta je ta sami Tobita ta ce ɗakin taron unguwa yana kulle duk Lahadi ba gaira ba dalili, a ba iyaye mabuɗi. Ta sami Gonda ta ce in yana son masu ba shi labari, ga su nan da yawa, ya kawo tukunya. Ya ce shi Lahadi hutu yake. Ta ce me yake yi a hutun. Ya ce yana kallon bango. Lahadin farko iyaye biyar suka zo, ta uku sha huɗu. Gonda ya ga yadda ɗan shekara uku ke cin taliya a zaune, rabi a baki rabi a tabarma, Shozo yana gefe yana kallon tabarmar da ya ɗinka da idon tausayi. A Lahadi ta huɗu Minori ta zo da 'ya'yanta, ta zauna kusa da Malama, ta miƙa mata ƙaramin ta ce, "Riƙe min shi, Malama, hannuna ya mutu." Daga nan magana ta koma kamar da.

Sai ga Akutsu a farkon bazara da sabuwar taswira. Ƙaramin shago, babu taga, wurin ajiye kekuna a gaba, kujeru talatin, da tambarin zakara da aka rage masa girma. Ya ce wata biyar ya yi yana yawo da hoton motocin nan bakwai da ya ɗauka, daga ofis zuwa ofis. An buɗe kafin damina.

Abin da Gonda ya ji tsoro ya faru, amma ba duka ba. 'Yan makarantar yamma sun ragu, musamman 'yan mata. 'Yan ƙwallo sun dawo bayan mako uku, suka ce kaza ba ta riƙe ciki. Ya sayi benci ya ajiye a ƙofa, yana gaya wa kowa na ajiye kaya ne.

Shi kaɗai ne a titin bai taka gidan kazar ba, har wata rana da la'asar da Malama ta shiga neman Shozo, wanda ya mayar da teburin bakin taga wurin karatun jaridarsa. Ta tarar da su biyu. Gonda ya cire tawul ya sa hular sanyi a tsakiyar zafi, ya ja ta har gira.

"Sannu, baƙo," ta ce. "Daga wane gari?"

"Bincike na zo, Malama. Dole mutum ya san abokin gabarsa."

"Me binciken ya nuna?"

Ya ɗaga ƙashin da ya gwaigwaye tas ya duba. "Gishiri ya yi yawa. Man ma ya kamata a ce an sake shi tun azahar. Yaron da ke soyawa yana tsoron tukunya, daga nesa yake jefawa." Ya tura farantin gefe, sannan ya jawo shi. Ragowar guda biyu ya naɗe a takarda ya sa a aljihu. "Zan ƙarasa binciken a gida."

Ya miƙe ya nufi ƙofa, sai ya karkata wajen kanta. Malama ta zauna a kujerar da ya bari, ta ɗauki dankali ɗaya daga gaban mijinta. Daga inda suke suna jiyo Gonda yana nuna wa mai suya yadda ake sauke kaza cikin mai daga kusa, a hankali, ta gefen tukunya, layi na taruwa a bayansa.